Jinin Yaya Ya Ce Lafiyarsa Ƙalau

Yayana mai guga ne. In ka ce masa mai wanki da guga sai ya gyara maka, ya ce wanki na wasu ne, shi guga kawai ya sani. Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin wani bene, tsakanin mai aski da mai gyaran waya. Tebur ɗaya ne a ciki, an shimfiɗa masa tsohon bargo da farin ƙyalle a sama, sai igiyoyin rataye kaya, sai dutsen guga biyu: na lantarki, da na gawayi saboda ranar da aka ɗauke wuta, wato kusan kullum. 'Yan layin suna kiransa Mai Kari, don wai karin wandon da ya goge zai iya yanka maka yatsa. Tun ina 'yar makaranta nake ganinsa a bakin teburin nan. Yau ga ni ina rina furfura, shi yana nan inda na san shi.

Dogo ne, ba ya magana. Ni ce autarsu, kuma ni aka bar wa bakin gidanmu gaba ɗaya, nasa da nawa. Ina aikin shara da goge-goge a wani ofis, ina tashi da rana tsaka, shi ya sa duk wata zirga-zirgar asibiti ta dangi a kaina take ƙarewa. Na san kujerun asibiti fiye da kujerun ɗakina, kuma wallahi na gaji da su.

Ranar da ciwon ya fara kama shi, mai aski ne ya kira ni. Na tarar da Yaya durƙushe a ƙasan shago, goshinsa a kan siminti, ya rungume ciki da hannu biyu, ya yi amai har a kan takalminsa. Mutumin da ko dutsen guga ya ƙona shi ba ya cewa wash, ranar nan gurnani yake. Da ƙyar ya iya ce mini kamar an soka masa ƙarfe a ƙahon zuci ya ɓullo ta baya. Muka kinkime shi ni da mai aski da mai gyaran waya, muka yi asibiti.

Aka ɗebi jini. Kafin sakamako ya fito, babban ɗansa ya iso. Akawu muke ce masa, don tun yana ƙarami ba ya rabuwa da biro a aljihu, kuma Allah ya amsa, aikin ofis yake. Yaron kirki ne, ina faɗa tun yanzu, kada a ji abin da zai biyo baya a ɗauka ɗan banza ne. Shi ya tsaya gaban likita, ni ina gefe.

Likitar ta ce akwai wata 'yar tsoka doguwa da ke kwance a bayan tumbi, fankiriyas suke kiranta. Ita ke fitar da ruwan da ke narkar da abinci, musamman maiƙo. In ta kumbura, ruwan nan sai ya tsiyayo cikin jini, to shi suke aunawa. Ta faɗi sunayen gwajin biyu, amiles da laifes, ta ce na biyun ya fi daɗewa a jini, sun fi dogara da shi. Ta nuna wa Akawu iyakar da aka rubuta a gefen takarda, ta ce in lamba ta ninka wannan iyakar sau uku, ga kuma irin wannan ciwon, to magana ta ƙare. Ta Yaya ta ninka fiye da sau goma.

Kai, lambar nan ta yi suna! Akawu ya buga wa kowa waya ya karanta masa. Dangin da ba su san inda shagon Yaya yake ba sai ga su a bakin gado suna girgiza kai. Aka hana shi ci, aka ɗaura masa ruwa leda bayan leda. Matarsa ta tare a kan benci a baranda, idonta ya kumbura don kuka. In Yaya ya motsa mutum uku ne za su miƙe. Ba wanda ya tambaye shi ko da gaske ciwon yake, ai ga lamba.

Ya warware, aka sallame mu, ya koma bakin tebur. An duba ko tsakuwar matsarmama ce ta jawo, ba a gani ba. An tambaye shi abin sha da taba, mutumin da ko lemon kwalba sai an matsa masa. Aka ce dai a kiyaye maiƙo.

Bayan wasu watanni ya sake tasowa. Aka koma, lamba ta hau, amma ba ta kai ta farko ba. Na uku ta ƙara yin ƙasa. Akawu ya ce, "Gwaggo, kin gani ko? Muna samun ci gaba." Ni ma na ce alhamdulillahi, me zan ce? Abin da ya hau ya kwantar da mutum, in ya sauko ai sauƙi ne. Haka kowane mai hankali zai lissafa.

Daga nan ne muka koyi wata dabara, wadda a lokacin muke ganin wayo ne. Layin ganin likita a babban asibiti wuni guda ne. Ka zo da sassafe, a ba ka kati, ka zauna har ƙafarka ta yi tsami, ƙarshe likita ya rubuta gwajin da ka riga ka san sunansa. To ga ɗakin gwajin jini nan a bakin titi, saman wani kantin magani, ba layi ba kati. Akawu ya haddace sunan gwajin. In Yaya ya ce ciki, sai a hau da shi bene, a ce a yi masa laifes, a dawo da yamma a karɓa. Mai gwajin ba ruwansa, abin da aka ce ya auna shi yake aunawa. Akawu ya duba lamba, ya duba iyakar da ke gefe, ya yanke hukunci. Muka zama mu ne likitocin kanmu, shekara da shekaru.

Ranar da lambar ta faɗa cikin iyaka, Akawu har da rungume ubansa a kan matakala. Yaya ya yi murmushi don kada ya ɓata masa murna, hannunsa ɗaya yana dafe da ciki. Na gan shi. Na ce, "Yaya, yaya dai?" Ya ce, "Ai kin ji, an ce ya tafi."

Bai tafi ba. Canza hali ya yi. Da can faɗowa yake kamar ɓarawo, ya yi ɓarna ya wuce. Yanzu ya samu wuri ya zauna, kullum yana nan, in Yaya ya ci abinci sai ciwon ya miƙe tsaye. Aka sake gwaji, lafiya lau. Aka sake, lafiya lau. Mai kantin magani ya ce to olsa ce, ya haɗa masa na olsa. Ya sha har ya gaji.

Abin da ya ƙara ɓata lamarin shi ne teburin guga. Irin wannan ciwon ba ya son a kwanta rigingine, in ka kwanta sai ya ƙaru. Abin da ke ɗan lafar da shi, mutum ya sunkuya gaba ya danne cikin. To mene ne guga in ba sunkuyo ba? Yaya ya gano in ya tokare cikinsa da bakin tebur ya duƙa a kan riga, yana samun numfashi. Sai ya zama ran da ciwon ya fi tsanani, ran nan ya fi daɗewa a shago. Kayan da ya gama gogewa ma sai ya sauko da su ya sake bi. Masu kawo kaya suna ta yabo, wai Mai Kari tsufa ƙara masa kyan hannu yake.

A gida kuwa abin ya zama hujja a kansa. Matarsa ta ce mini, "Ke Auta, ki faɗa mini tsakani da Allah. Mai ciwo ne zai wuni a tsaye? A shago garau, sai ya shigo gida na ajiye kwano sannan ciki ya tashi?" Ta fara zargin girkinta ya raina. Ta canza wannan ta canza wancan, ta ƙara nama, ta ƙara mai don ya yi daɗi, ita a ganinta gyara take. Shi kuma ya ɗan taɓa ya ture, don ya san abin da zai biyo baya. Ta ɗauke kwanon tana ƙunƙuni, wai in akwai inda ake dafa masa wanda ya fi nata ya faɗa, ba sai ya wahalar da ita ba. Ban ga laifinta sosai ba. Mace ta yi shekaru tana jinya, an nuna mata takarda an ce ya warke, sannan miji yana ture mata abinci. Ko ni ce sai na yi magana.

Na yi faɗa da ita, na yi faɗa da Akawu. Na ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, ku dubi mutumin nan! Wandonsa ya koma kamar na aro, bel ɗinsa ya ƙara masa huda da ƙusa har ba sauran wuri. Akawu ya ce, "Gwaggo, wanda ba ya cin abinci ai dole ya rame." Na ce to me ya hana shi ci? Ya ce, "Shi ne abin da muke tambaya." Haka muke zagayawa kamar jakin niƙa. Ni ba boko mai zurfi na yi ba. Shi yana da lamba, ni ba ni da komai sai ido.

Yaya ya koma sayen maganin kashe zafi a kantin da ke ƙasan ɗakin gwajin. Da farko jefi-jefi, daga baya kullum. Akawu ya ga fankon kwalayen a kwandon sharar shago, hankalinsa ya tashi. Ya ji labarin mutanen da ƙwaya ta kama, ya san yadda suke ƙirƙiro ciwo don a ba su. Bai yi shawara da kowa ba, ya je ya ce wa mai kantin kada ya sake sayar wa ubansa ko ƙwaya ɗaya.

Ina shagon ranar da maganar ta fito, na kawo kayan aikina a goge mini. Yaya ya dawo daga kanti hannu wofi, ya ɗauki dutse. Can sai ga Akawu ya biyo daga ofis.

"Kai ka hana a ba ni magani?"

"Ni ne, Baba."

"To."

Shi ke nan abin da ya ce. Ya fesa wa kwalar riga ruwa ya ci gaba. Akawu ya tsaya yana juya makullin babur a hannu, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Baba, ni fa ban ce ƙarya kake ba."

"Me ka ce?"

"Cewa na yi jini ba ya ƙarya."

Na miƙe zan wanke shi tas, Yaya ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Bar shi, Auta. Karatu ya yi." Ba da gatse ya faɗa ba, shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Tun daga ranar ya daina cewa ciki. In an tambaye shi jiki sai ya ce da sauƙi. Gida ya yi shiru, kowa ya huta, aka ce ai ga shi nan, da ma ƙwayar ce.

Ba ciki ne ya mayar da mu babban asibiti ba, ƙuna ce. Gefen dutse ya taɓa shi a wuyan hannu, abin da ya saba, da can ko kallonta ba ya yi take bushewa. Wannan ta ƙi. Ta yi ruwa, ta yi baki, tana neman cin hannun. Ga shan ruwa kamar raƙumi, mai aski har yana tsokanarsa wai ya fi zuwa bayan gida fiye da amarya mai ciki. Na ce wannan kam ba sai an auna ba, ido na gani. Na ɗauki hutun wuni, na tisa shi gaba, muka bi layin nan da muka yi shekaru muna gudu.

Likitan da muka samu dattijo ne mai sanƙo, shi ma da ganinsa a gajiye yake, kofin shayinsa ya huce a gefen tebur bai sha ba. Ya duba hannu, ya sa aka soki yatsa, ya ce suga ya hau. Na zaci nan zai tsaya ya rubuta magani. Sai ya kalli Yaya daga sama har ƙasa, ya ce, "Malam, da can haka jikinka yake?" Yaya ya ce a'a. Ya ce, "Ciki fa?" Yaya ya ce da sauƙi.

Na ce, "Likita, ba sauƙin komai!" Na zazzage masa labari tun daga ranar amai har zuwa ɗakin gwaji na saman kanti. Bai katse ni ba. Da na gama ya juya ga Yaya ya yi ƙasa da murya, ya tambaye shi yadda bayan gidansa yake. Yaya ya sunkuyar da kai. Ni na juya ina kallon kalandar bango kamar ban ji ba. A hankali ya ce yana fita da maiƙo, fari-fari, ga wari, ruwa ba ya tafiya da shi sai an yi ta zubawa. Ya daɗe haka. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, wa zai faɗa wa? Likita ya rubuta hoton ciki, irin wanda ake tura mutum cikin na'ura, da gwajin bayan gida. Ya ce in za mu dawo mu zo da wanda yake karanta sakamakon a gida.

Akawu bai so zuwa ba, ya ce aiki. Na ce ko a kan babur ɗinka zan ɗaure ka sai ka je. Ya zo da tsofaffin takardun gwajin a cikin jakar leda, a jere, tsaf-tsaf.

Likita ya karɓa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ce an kyauta da aka adana. Sannan ya juyo da allon kwamfuta wajenmu. Ni ban ga komai ba sai toka-toka, amma ya sa bakin biro ya nuna wasu fararen ɗigo a jere kamar an watsa tsakuwa. Ya ce nan ne tsokar take. Kumburi bayan kumburi ya cinye ta, ta motse, ta zama tabo, ga 'yan duwatsu sun fito a cikinta. Shi ya sa abinci ba ya narkewa, shi ya sa maiƙo ke wucewa yadda ya shiga. Kuma ita ce dai ke riƙe da linzamin suga, shi ya sa sugan ya ɓalle.

Akawu ya ce, "Amma likita, lambar tana sauka. Ga shi nan, tana sauka har ta daidaita."

Likita ya ce, "Ta sauka, ba ka yi kuskuren karatu ba. Amma ka tuna me ake aunawa. Ruwan da tsokar ke yi ne, wanda ya tsiyayo cikin jini. Kafin ya tsiyayo sai akwai mai yin sa. Rijiyar da ta ƙafe ba ta ambaliya. A farko tsokar da ƙarfinta, da ta kumbura ta cika jini. Yanzu abin da ya rage bai isa ya ɗaga lamba ba, ko ciwon ya kai ina." Ya ce gwajin nan na kama farmakin farko ne, ba ma'aunin zafi ba ne, ba kuma ma'aunin warkewa ba. Ko a ranar farko, girman lamba ba ya faɗin girman ɓarna. Ya ce ba mu kaɗai ba ne, su kansu tana ruɗa su in suka kalli takarda ba su kalli mai ita ba.

Akawu ya ajiye takardun. Ya ce, "To tsokar za ta dawo?"

"Abin da ya tafi ya tafi. Amma akwai abin yi." Ya lissafa: ƙwayoyin da za a riƙa haɗiya tare da kowane abinci su yi aikin narkarwar, allurar suga, abinci kaɗan-kaɗan marar maiƙo, da maganin zafi na gaskiya wanda shi zai rubuta ya kuma riƙa dubawa. Ya ce wannan ciwon yana cikin masu zafin da ya sani, ya yi mamakin mutum na tsaye da shi yana aiki.

Na kalli Yaya. An gaya wa mutum wani sashe na cikinsa ya mutu ba zai dawo ba, amma fuskarsa ta saki kamar wanda aka sauke wa kaya. Ban taɓa ganin abin da ya ba ni tausayi irin wannan ba.

Muka fito. Akawu ya karɓi takardar magani ya tafi layi, ko waiwaye bai yi ba, na san kuka yake ɓoyewa. Ni da Yaya muka zauna a benci a baranda. Ƙafafuna zugi suke, ko ruwa ban sha ba tun safe. Masu shara suna ta wucewa da bokiti, ina kallon yadda suke barin lungu, ba ni da ƙarfin ko tsaki.

Can Yaya ya ce, "Auta."

"Na'am, Yaya."

"Kin san wani abu? Ba maganarsu ce ta fi damuna ba." Ya shafa bandejin hannunsa. "Kwanakin baya in ya taso, sai in ajiye dutse in tsaya in saurara. In ce wa kaina, kai, anya? Jini ya ce babu. Yaro ya ce babu. Ko dai kai ne kake ƙirƙira ba ka sani ba? Har istigfari nake yi, Auta. Ina jin zafin ina neman gafarar ƙarya."

Na kama gefen mayafina na toshe hanci.

Akawu ya dawo da ledar magani, idonsa jawur. Ya tsaya a gaban ubansa. Ya durƙusa a kan tayil ɗin nan mai datti da wandon ofis. Ya ce, "Baba, yanzu haka yana yi?"

"Da sauƙi," in ji Yaya, da sauri, yadda ya saba.

Sai ya tsaya. Ya kalli ɗansa, ya kalle ni.

"A'a," ya ce. "Ba sauƙi. Cina yake, ɗana. Tun safe yake cina."